Tsohon Keken Hawan Dutse: A San Shi Kafin A Yi Masa Kuɗi

 

Mun saba maganar gero da dawa da masara da wake. Yau za mu ɗan ratse zuwa layin 'yan keke, domin akwai wani al'amari da mu ke gani yana cin jarin mutane ta fuska biyu. Ƙa'idar da za ta gyara shi kuwa ita ce dai wadda mu ke aiki da ita a bakin buhu: kaya sai an san irinsa, an san shekararsa, an san aibinsa, kana a yi masa kuɗi.

Kowa ya sani kekunan kwance suna shigowa ƙasashen nan cikin kwantena daga Turai da Amurka da Japan. A kan sauke su a Ikko ko Kwatano ko Lome ko Tema, sa'an nan su hauro arewa. A cikinsu akwai irin wanda a ke kira keken hawan dutse, watau mai ƙatuwar taya da miƙaƙƙen kai da giya barkatai, wanda yara ke ce wa mai giya. Waɗansunsu sun ba shekara talatin baya.

Kuskuren fari shi ne na mai sayarwa a tsibi. Ya jera su duka, ya dubi ƙyallin fenti da girman taya, ya yanka musu kuɗi ɗaya. Idan akwai na ƙwarai a ciki wanda ya koɗe, shi ne ma zai sallama da araha, ko ya tura wa 'yan gwangwan su auna a kilo. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Kuskure na biyu sabo ne, wayar hannu ce ta kawo shi. Mutum ya gani a intanet wai an sa wa wani tsohon keke maƙudan daloli a Amurka, shi ke nan duk ƙarfen da ya yi tsatsa a rumfarsa ya zama zinariya. A taya ya ce albarka, a ƙara ya ce albarka, har shekara ta zagayo jarinsa na jingine a bango.

Abin da mu ke gani shi ne, su biyun duk ciwonsu ɗaya, ba su tantance kaya ba. Tsufa shi kaɗai ba ya sa daraja. Da tsohuwar zuma a ke magani, gaskiya ne, amma sai in zumar ce tun asali.

To, daga ina wannan keke ya fito? Asalinsa wani yanki ne mai tuddai da a ke kira Marin, arewa da birnin San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka. Samarin wurin su kan ɗauko tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940 masu kaurin taya, su riƙa gangarowa da su daga kan tsauni. A shekarar 1976 su ka fara tseren gangara da su ka sa wa suna Repack, saboda birkin da ke cikin cibiyar tayar baya ya kan yi zafi har girisinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani. A 1977 wani daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera firam musamman domin wannan aiki. Guda goma ya yi a zubin farko, ya gama su a 1978, na ɗayansu kuwa yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton. A 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly su ka buɗe kamfani suna sayar da firam ɗin da Tom Ritchey ke ƙerawa da hannu. A 1981 kamfanin Specialized ya sa a ka ƙera masa Stumpjumper a Japan, yana sayar da kowane ɗaya dala 750. Daga nan abin ya bazu. An yi gasar duniya ta farko a ƙarƙashin hukumar kekuna ta duniya a 1990 a garin Durango, a 1996 kuma ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta.

Amfanin wannan tarihi ga ɗan kasuwa shi ne ya gane lissafi. Waɗanda a ka ƙera da hannu a farkon lamari ƙidayayyu ne, masu su sun san abin da su ke riƙe da shi, ba a zuba su a kwantenar kwance. Amma daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙarshen 1990 an ƙera miliyoyi, kowane kanti a Turai da Amurka yana sayarwa. Su ne ke zuwa mana. Mafi yawansu na talaka ne tun ranar da a ka yi su, kaɗan ne matsakaita, na sarauta kuwa sai an tona.

Masu sayen tsohon keke iri biyu ne, kuma dole a raba su. Akwai mai hawa: ɗan makaranta, lebura, malamin ƙauye, mai kai saƙo, manomin da zai ɗaura taki ya bi burji. Shi abin da ya dame shi taya da birki da kaca, da ko mai gyaran bakin titi zai samu kayansa. Akwai kuma mai ajiya, wanda yawanci yana ƙasashen waje ko manyan birane. Shi ya kan nemi keken da ya yi sha'awa yana yaro bai samu ba, yana son sa yadda ya fito daga kamfani, da fentinsa da lambarsa da kayansa na asali. Mai hawa yana bakin rumfarka kullum. Mai ajiya sai ka neme shi, kuma keke ɗaya cikin da yawa ya ke so. Wanda ya hana mai hawa kaya yana jiran mai ajiya, alhali kekensa ba na ajiya ba ne, ya yi biyu babu.

Ga yadda a ke tantancewa, kuma ba ya bukatar boko mai zurfi.

Na farko, a ɗora a sikeli. Mu da mu ka tashi da Raleigh, wanda har a Kano an taɓa haɗa shi, mun saba cewa nauyi shi ne ƙarko. A wannan keke abin ya juya. Na ƙwarai bututunsa siriri ne daga ciki, ƙarfensa mai tsada ne, ya kan tsaya wajen kilo 11 zuwa 13. Na araha an yi shi da ƙarfen banza mai kauri, ya kan kai kilo 16 ko fiye. A dubi jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi, sau da yawa akwai 'yar takarda manne da sunan ƙarfen: Tange ko Reynolds ko Columbus ko True Temper, ko kuwa lamba 4130. A kuma dubi bakin da tayar baya ke shiga. In ƙarfen wurin mai kauri ne an zuba shi da siffa, alama ce ta aikin kirki. In falle ne da a ka datse kamar murfin gwangwani, keken kanti ne. Mayen ƙarfe ya kan kama firam na baƙin ƙarfe, ba ya kama na alminiyon.

Na biyu, kada suna ya ruɗe ku. Kamfani ɗaya yana da babba da ƙarami, kamar yadda wake duk wake ne amma kuɗinsa ba ɗaya ba. A gidan Specialized, Hardrock ne ƙarami, Rockhopper na tsakiya, Stumpjumper babba. A gidan Trek, masu lamba 800 da 820 na kowa da kowa ne, 950 da 970 sun fi su nesa. A gidan Bridgestone na Japan lissafin a juye ya ke, MB-1 ne babba, MB-6 ƙarami. Sa'an nan suna ya kan canja hannu. Schwinn ya karye a 1992, a 2001 kuma wani kamfani ya sayi sunan ya riƙa manna shi a kekunan araha na manyan kantuna. Raleigh ya daina haɗa keke a garinsa na Nottingham ta Ingila a 2002. Saboda haka suna ɗaya, shekara daban, kaya daban.

Na uku, a karanta kayan giya da birki. Yawancinsu na Shimano ne, kuma kamfanin yana rubuta darajar kowane kaya a jikinsa. Daga ƙasa akwai Tourney da Altus da Acera da Alivio, sa'an nan Deore da LX, sa'an nan XT, can ƙoli kuma XTR wanda ya fito a farkon shekarun 1990. Mai ƙera keke ba ya ɗaura kayan XT a firam ɗin banza, don haka kayan shaida ne a kan firam, in dai tare su ka fito. XT na farkon shekarun 1980 yana da hoton kan barewa, masu ajiya suna nemansa.

Na huɗu, shekara. A bayan kayan Shimano a kan sami haruffa biyu ƙanana na boko. Na farko shekara ne, na biyu wata. Harafin A shi ne 1976, K shi ne 1986, P shi ne 1991, Z shi ne 2001, daga nan a ka sake komawa A. A wata kuwa A Janairu ne, L Disamba. In an duba kaya uku ko huɗu a keke ɗaya su ka nuna shekara ɗaya ko makusanta, to ba a taɓa su ba. In kowanne da tasa shekarar, haɗe-haɗe ne. Siffa ma tana faɗa. Birkin baya da a ka ɓoye a ƙasa kusa da feda yayin 1987 da 1988 ne. Birki mai dogayen hannuwa biyu a tsaye, wanda waya ke shiga ta gefe, daga 1996 ya yaɗu. Fok mai sifirin kuwa RockShox ya fara fito da shi a 1989, ke nan keken da a ka ce na 1984 ne ga shi da irin wannan fok, an canja masa.

Na biyar, aibi. Ba ma sayen hatsi sai mun soka buhu mun ga na tsakiya, keke ma haka. A shafa ƙarƙashin bututu daf da wuya, in akwai ƙundumi ko fenti ya tattare, keken ya taɓa karo. A kwance sirdi a ga ko sandarsa na fita, domin wadda ta ci ta manne tana iya kashe firam ɗungurungum. A ɗaura zare daga bakin tayar baya, a zagayo da shi ta wuya, a dawo ɗaya gefen, a auna ratar zaren da bututun sirdi hagu da dama. In ba su yi daidai ba firam ya karkace. A shafa gefen rim inda birki ke kamawa, in ya yi kwari ya kusa fashewa. Baƙin ƙarfe in ya tsage mai walda na iya ceto shi. Alminiyon in ya tsage, waldar bakin titi ba ta mayar masa da ƙarfinsa, kuma ran mutum ne a kai. Tsofaffin fok masu roba a ciki, robar ta kan narke ko ta bushe da shekaru, samun wata kuwa aiki ne. Taya ma a kula: ta wannan keke inci 26 ce mai lamba 559 a gefenta. Akwai wata da ita ma a ke ce wa 26 amma lambarta 590, ba ta shiga.

Yanzu mu zo kan fenti, domin nan ne za mu saɓa da 'yan'uwa da yawa. Al'adar layin keke ita ce da an sauke kaya a kai wa mai feshi, a fesa baƙi ko ja, a manna sabbin takardu masu sheƙi. Za su ce mana, ai mai saye da ido ya ke saye, keken da ya koɗe ba ya tafiya, mu kuma abinci mu ke nema. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba mu ƙi ta duka ba. Keken talaka wanda tsatsa ta fara ci, a fesa shi, fenti ma kariya ne, muddin an gaya wa mai saye feshi ne. Amma na ƙwarai, ranar da a ka fesa shi ranar a ka binne shaidarsa. Takardar ƙarfe ta tafi, sunan samfuri ya tafi, mai ajiya ba zai ko waiwaye shi ba. Ka biya mai feshi kuɗi domin ya rage maka kuɗi. Irin wannan ruwa da sabulu da tsumma da ɗan mai sun ishe shi. In an canja wani abu da ya lalace, a ɗaure tsohon a leda a rataya masa.

Feshin da a ka yi domin a rufe tsaga kuwa, ko manna sunan babban kamfani a keken da ba nasa ba, wannan algus ne, ba shi da maraba da zuba tsakuwa a gindin buhu a rufe da tsaba mai kyau a sama. Duk wanda ya zauna gaban malami ya kai babin ciniki a Risala ya san an hana ɓoye aibi da cakuɗa mummuna da kyakkyawa, kuma mai saye in ya tarar da aibin da a ka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Ban da wannan ma, ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaro ɗaya ya karye a gangara saboda firam ɗin da a ka shafe, layin nan duka ne zai yi baƙin jini.

Sai maganar kuɗi. Abin da ku ke gani a waya yawanci kuɗin da mai kaya ya sa ne, ba wanda a ka biya ba. Mu a hatsi mun san sa suna daban, sallamawa daban. Farashin kasuwa shi ne inda ciniki ya faɗa a ka ƙirga kuɗi. Wanda zai duba, ya nemi na waɗanda a ka riga a ka sayar, samfuri ɗaya, shekara ɗaya, girma ɗaya, lafiya ɗaya. In ya samu, to wannan kuɗin can ne. Sai ya cire kuɗin kwali da ɗauri, da kuɗin jirgi, wanda a kaya mai girman keke ba kaɗan ba ne, da la'adar dandalin da ya sayar a kai, da kuɗin canji, da hatsarin mai saye ya ce kaya bai yi masa ba a mayar. Abin da ya rage shi ne kuɗin kekenka. A matsakaicin keke, sau da yawa za ka tarar mai hawa da ke tsaye gabanka da kuɗi a hannu ya fi wancan na nesa. Cinikin biri a sama ba ciniki ba ne.

Masu cewa a ɓoye kaya zai ƙara kuɗi, su tuna abin da ya faru kwanan baya. A 2020, lokacin annobar korona, mutanen Turai da Amurka su ka afka wa kekuna har kantuna su ka ƙare, na kwance ma ya yi tsada. Kamfanoni su ka ƙara ƙira, zuwa 2023 kaya ya yi yawa, a ka koma karya farashi. Mun san irin wannan. Wanda ya cika rumbu da tsada yana jiran bazara, in shekara ta yi kyau sabon hatsi ya riske shi, sai ya sayar da hasara. Keke ba ya yin ƙwari, amma taya na tsagewa, roba na bushewa, damina na sa tsatsa, kuɗin rumfa na tafiya, jarin da da an juya shi sau biyar yana kwance. Kuma masu ajiyar nan yawancinsu mutanen da su ka yi samartaka a shekarun 1980 da 1990 ne. Sha'awar tsara ce, ba mu da tabbacin 'ya'yansu za su gaje ta.

Akwai masu wargaza keke su sayar da kaya ɗaya ɗaya, suna cewa haka ya fi kawo kuɗi. In firam ya mutu, wannan daidai ne, a ceci abin da za a ceta. Amma lafiyayyen keke da ya shekara talatin da kayansa cif, mu ba mu ga hikimar yanka shi ba. Giya da birki za su tafi da wuri, sauran tarkacen su zauna maka.

Malam dillali, saura kai. Za ka ce ilmina jarina ne, ni na sha wahalar koyon haruffan nan, don me zan faɗa wa wani? Mu raba zancen biyu. In ka sayi tsibi a bakin kwantena, kai da mai kaya duk 'yan kasuwa ne, kowa ya buɗe idonsa, ka tsinci na ƙwarai a ciki, ribarka ce, Allah Ya sa albarka. Amma in tsoho ko gwauruwa ko maraya ya kawo maka keke ya ce sayar mini, kai wakili ne, amana ce a hannunka. Ka gane na ƙwarai ne, ka ce masa tsohon ƙarfe ne, ka tura yaronka ya saye a bayan fage, wannan cin amana ne, ko da wane suna a ka kira shi. Haƙƙinka la'ada. Ka sayar masa da daraja, la'adarka ta ƙaru, gobe ya kawo maka ɗan'uwansa. Haka nan a bar sa abokai su riƙa ƙara tayi alhali ba saye za su yi ba, domin a zuga baƙo.

A kuma kula da kayan sata. Kowane keken kamfani yana da lambarsa, yawanci a ƙarƙashin gindin feda inda bututai su ka haɗu. A kifa keke a duba. Wanda a ka goge lambarsa da zarto ko a ka cike ta da walda, a bar shi, ko nawa ne. Araha ba ta ado, balle wadda za ta kai mutum ofishin 'yan sanda.

Shawararmu ga shugabannin layin keke guda uku ce. A raba kaya aji uku tun ranar saukewa, kamar yadda mu ke raba tsaba da matsakaici da na dabbobi: na ajiya, na hawa, na kayan gyara, kowane aji da wurinsa da kuɗinsa. A sa doka kada a kai keke feshi sai wanda ya iya dubawa ya duba shi. A riƙa rubuta rasit, da ajami ko da boko, a sa lambar firam da sunan samfuri da duk aibin da a ka sani, mai saye ya riƙe ɗaya, mai sayarwa ya riƙe ɗaya. Yaran da ke rumfunanku masu waya a hannu, a sa biyu ko uku su koyi karatun haruffan nan da sunayen ƙarafa. Aikin mako kaɗan ne, kuma sana'a ce a ka ba su.

Wanda ya bi wannan ba lalle ya tsinci keken dubban daloli ba, kada ma ya sa rai. Abin da zai samu shi ne ya daina ba da na ƙwarai a kuɗin gwangwan, ya daina riƙe na banza yana korar masu saye, kuma a san rumfarsa da cewa abin da a ka faɗa maka a nan shi za ka tarar in ka kai gida. Magabata sun ce gaskiya dokin ƙarfe ce. Masu sayar da dokin ƙarfe su ya fi kamata su riƙe ta.

Allah Ya tsare mu da hasara, Ya ba mu halaliyarmu. Haza wassalam.